Buhun Fulawar Idalina

Shekara talatin da ɗaya ina gaban tandar nan,
a wani lungu na Porto mai gangarawa kogi,
inda ruwan sama ba ya neman izinin kowa.
Mu shida ne a aikin dare, amma kowa da tsibirinsa:
Custódio na kwaɓi, Graciete na awo,
ni Albano, ni da wuta,
sauran kuwa sunansu “kai yaro, miƙo.”

Sai mai gidan ya kawo mana Idalina,
wai za ta koya mana aiki tare.
Na dubi hannunta, babu tabon ƙuna ko ɗaya.
Na ce a raina: kaza ce za ta koya wa agwagwa iyo?

Dare uku tana zaune kan buhun fulawa,
ba umarni, ba wa'azi,
sai ɗan littafi da fensirin da take tauna gindinsa.

Dare na huɗu burodi arba'in ya ƙone.
Muka shiga abin da muka fi iyawa:
Custódio ya nuna ni, na nuna Graciete,
Graciete ta nuna agogo,
agogo kuwa, da hannunsa biyu, bai nuna kowa ba.

Idalina ta sauko, ta ɗauki guda, baƙi ƙirin,
ta aje shi tsakiyar tebur kamar baƙon da ya sha hanya.
Ta ce: “Ba na son sunan kowa.
Ku ba ni labarin tafiyarsa daga buhu zuwa nan.
Ina ya yada zango? Wa ya gan shi ya wuce?”

Shiru, har muna jin tsuntsayen teku a kan rufi.
Sai Telmo, mai wanke tire,
wanda wata takwas ban san muryarsa ba,
ya ce ƙofar hagu tana shan iska tun makon jiya:
na gaba ba sa nuna, ni ina ƙara wuta,
na baya ke biyan bashin.
“Me ya hana ka faɗa?”
Ya dubi takalminsa.
“Ba a taɓa tambayata ba.”

Duk ƙunar da ke damtsena
ba wadda ta kai wannan shiga.

Tun daga nan, biyar saura kwata,
kafin motar rabo ta yi mana oda,
mukan tsaya da kofi a hannu:
me ya ba mu wuya yau,
me wani ya sani da saura ba su sani ba?
Ta sa na bar wuta dare guda na koma kwaɓi,
kafaɗata ta kwana biyu tana ba Custódio haƙuri.
Ta sa na kama yatsan Telmo na danna cikin ƙullu:
ji nan, in ya dawo sannu kamar mai jin kunya, ya isa.
Abin da na ƙulle a ciki shekara talatin
don kada a ture ni daga bakin tanda,
ashe sani ɗan'uwan yisti ne,
a hannu ɗaya bushewa yake,
sai an cuɗa shi da wani yake tashi.

Ba komai ne ya gyaru ba.
Graciete tana nan da ƙunƙuninta,
ni ma wani daren tsawa takan riga ni fita.
Ko jiya goma sun ƙone.
Sai dai yatsa bai tashi ba.
Telmo ne ya ɗauki guda,
ya aje tsakiyar tebur, ya ja mana kujeru.

Idalina ta tafi tun lokacin tsinkar inabi.
Fulawar buhun nan, gari ya cinye ta tuni
da man shanu, da miyar kifi.
Amma in na juya wajen kusurwar
har yau nakan sassauta murya,
in tambaya tukuna
kafin in ƙara wuta.